Neman kalma: me za mu ce wa "sensari intigireshin" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah malaman Hausa, ma'aikatan asibiti, malaman makarantun yara masu buƙata ta musamman da su kansu iyayen yaran, ku matso ina neman taimako. Aikina horar da yara ne a nan Kaduna, irin aikin da ake ce wa okufeshinal tarafi, kuma akwai kalmomi biyu da kullum sai sun fito a bakina in ina magana da iyaye amma har yau ba su da sunan Hausa, sensari intigireshin da sensari furosesin. Muna so mu rubuta 'yar takarda da uwa za ta tafi da ita gida ta karanta ko a karanta mata, kuma bana so a cika ta da Turancin da za ta ninke ta jefa a jaka shikenan an wuce wurin.

Bari in faɗi abin tukuna kafin a fara kawo suna.

Akwai yaron da in maƙota suka kunna injin markaɗe sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin gado yana ihu, ranar aski kuwa sai manya biyu sun riƙe shi, ba wai kilifa ta yanke shi ba, wannan kaɗawar da take yi a fatar kansa ce ba ya iya jurewa, har gashin da ya zuba masa a wuya sai ya wuni yana sosawa yana kuka. Akwai yarinyar da kitso ya zama mata azaba, ba ta cin tuwo in da gudaji ko ɗaya, ba ta yarda a sa mata rigar leshi. Wani kuma akasin haka ne, shi ba ya ƙoshi da motsi, ya hau taga ya diro, ya yi ta juyi a tsakar gida har kai mai kallo ka ji jiri shi ko a jikinsa, ya tauna wuyan riga har ya huje, in ya rungume ƙaninsa kamar zai karya shi kuma ba mugunta ba ce, bai san ƙarfin da ya sa ba. Kunnensu lafiya, idonsu lafiya, fatarsu lafiya. Inda abin yake shi ne yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar abin da ya shigo ta waɗannan ƙofofi da yadda take aiki da shi.

Kuma ba ƙofofi biyar ɗin da aka koya mana a firamare kaɗai ba ne. Akwai na cikin kunne can ciki, wasu 'yan bututu uku masu ruwa da wasu 'yan jakunkuna biyu, su ke gaya maka kanka a tsaye yake ko a karkace, kana tafiya ko kana tsaye, su ne in sun rikice kake jin hajijiya. Akwai na tsoka da mahaɗar ƙashi, wanda ke sa ka iya kai loma baki a cikin duhu in an ɗauke wuta ba ka kai ta hanci ba. Akwai na cikin ciki, yunwa, ƙishirwa, fitsari, bugun zuciya. Waɗannan ukun ni dama ina ce musu jin daidaito, jin gaɓɓai da jin cikin jiki, iyaye suna ganewa, ba su ne matsalata ba. Babban sunan da ya tattaro su duka nake nema.

Toh an fara turo amsoshi. Mutum uku ko fiye sun ce "haɗa ji". Ni ma nan hankalina ya fara zuwa, don Hausa ta yi mana gata a nan, da "ji" muke jin ƙara, mu ji ƙamshi, mu ji zafi, mu ji gishiri a miya, mu ji yunwa, mu ji jiri, gani ne kaɗai ya ware. Amma wata anti ma'aikaciyar jinya ta rubuto abin da ya tsayar da ni, ta ce: "Ƙanwata kina ce wa uwa ɗanki yana da matsalar ji, gobe da asuba tana asibitin kunne tana bin layin kati." Wallahi gaskiyarki Anti. Mu da muke da Cibiyar Lafiyar Kunne ta Ƙasa a cikin garin nan, kowa ya san hanyarta, matsalar ji a kunnen Bahaushe kurumta ce ba wani abu ba. Za a je a gwada kunne a ce lafiya lau, uwa ta dawo tana ganin mu ne ba mu san aikinmu ba. (Ko da yake gwajin kunnen ba asara ba ne, duk yaron da bai fara magana a kan lokaci ba ni da kaina nake cewa a fara kai shi can.)

Wani ya ce to a ce "jin jiki". Yaya wannan kam ba za ta yiwu ba, in ka ce wane yana jin jiki ai ka ce yana kwance rai a hannun Allah, ko kuma talauci ya taka shi.

Sai wani malamin Islamiyya daga Tudun Wada ya kawo "mariskai", ya ce haka malamai ke fassara hawassu a karatun zaure, daga riska, wato abubuwan da mutum ke riskar duniya da su. Allah ya gafarta Malam, kalmar ta yi kyau kuma ta fi kowacce dacewa da ma'ana, in littafin ɗalibai za a rubuta ni ita zan zaɓa. Damuwata masu karanta takardar nan. Iyayen da ke zuwa wurinmu ba 'yan Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi kaɗai ba ne, akwai na Sabon Tasha, Narayi, Kakuri, Television, mutanen da Hausar kasuwa da ta unguwa suke yi ba su taɓa zama gaban malam a zaure ba, in na ce mariskai sai na sake fassara Hausar da wata Hausar. Ko cikin Hausawan ma na tabbata in aka tsaya a Kasuwar Bacci aka tambayi mata goma ba lallai a samu wadda ta san ta ba.

Wata uwa daga Rigasa, wadda ta ce nata ɗan shekara shida ne kuma irin masu toshe kunnen nan ne, ita ta kawo wadda ta zauna min. Ta ce ita yadda ta fahimta, kunne da fata da ido aike suke yi wa ƙwaƙwalwa, to me zai hana a ce saƙo. "Saƙon jiki." Hajiya Allah ya biya ki. Kowa ya san saƙo, mai waya da marar waya, Musulmi da Kirista, kuma ba ta jan hankali zuwa kunne kaɗai. Wani ya yi gyara cewa ƙarar janareta ai ba daga jiki take ba daga waje take, haka ne, amma ta jiki take bi kafin ta isa, ƙwaƙwalwa ba ta taɓa haɗuwa da janareta ba, abin da kunne ya aiko mata kawai ta sani. Na karɓi saƙon jiki.

Yanzu saura aikatau ɗin, wato kalmar aikin da za a haɗa da saƙon jiki, kuma a nan ne nake so mu daɗe, don an kawo haɗa, tace, tsara, sarrafa, daidaita, wasu na cewa a ɗauki ɗaya kawai a huta. Ni ban yarda a ɗauki ɗaya ba. Abin da ake kira da suna ɗaya a bakin mutane hanyoyi ne daban daban, na mutane daban daban, hujjar da ke bayan kowacce ma ba ɗaya ba ce, in muka ba su suna ɗaya da Hausa mun taimaka wa masu cin kuɗin iyaye ne.

Asalin maganar daga wata Ba'amurkiya ce, Jean Ayres, an haife ta 1920 ta rasu 1988, ta koyar a Jami'ar Kudancin Kalifoniya kuma ta buɗe nata wurin horar da yara a garin Torrance. A littafinta na 1972 ta bayyana abin a matsayin aikin da ƙwaƙwalwa ke yi na shirya abin da ya shigo daga jiki da kewaye domin mutum ya iya amfani da jikinsa. Ku lura, domin amfani. Ba tara saƙo wuri ɗaya ba ne kawai, shi ya sa "haɗa" ta yi min kaɗan, ana iya haɗa kaya a zube su a tsakar ɗaki. "Tsara" ita ce ta ɗauko nufinta, kowane saƙo a ajiye shi inda ya dace, wanda ya kamata a kula a kula, wanda ya kamata a share a share. Don haka sensari intigireshin, in ana nufin aikin da ƙwaƙwalwa ke yi, ina ganin mu ce "tsara saƙon jiki".

Mai "tace" ya dage, ya ce kamar rariya ce, gari ya wuce tsaki ya tsaya. Malam kwatancen ya yi daidai da rabin aikin, wato yadda kake zaune a aji ba ka jin rigar da ke jikinka ko ƙarar fanka saboda an tace su, yaron da muke magana shi tasa rariyar komai wucewa yake. Amma tacewa ba ta bayyana yaron da ya kasa sanin yadda zai ɗaga ƙafa ya hau keke ba, shi ba abin da ya yi masa yawa, shirya motsin ne ya gagara. Za mu riƙa amfani da tace a cikin bayani, ba a matsayin suna ba.

Horon da Ayres ta tsara kuma abu ne mai ƙa'ida. Ɗaki ne da aka rataye lilo iri iri a rufinsa, da katifu a ƙasa, da abin hawa, da ramin ƙwallaye, da wani allo mai taya da yaro ke kwanciya a kai da ciki yana tura kansa. Yaro ne ke jan ragamar wasan, mai horo tana biye tana ƙara wahalar kaɗan kaɗan, ba mai sauƙin da zai gundure shi ba, ba mai wuyar da zai sa ya fasa ba. Misali yaro yana kwance a lilo da ciki, tana riƙe da igiya, shi zai ja kansa ya miƙa hannu ya ɗauko 'yar jakar wake ya jefa a kwando, a wannan abu ɗaya cikin kunnensa na aiki, kafaɗunsa na aiki, idonsa na auna nisa, kuma shi a ganinsa wasa yake. Ba a ɗora yaro a lilo a yi ta kaɗa shi yana zaune kamar kaya. Kafin a fara ma akwai gwaji, wanda ta tsara ya fito 1989, kashi 17 ne, na yara daga shekara 4 zuwa ƙasa da 9, kuma mai yin horon sai ta yi ƙarin karatu bayan digiri. Iyayen yaran da ke zuwa wurinmu suna ce masa "ɗakin lilo", ina son sunan, amma a takarda "horon Ayres" za mu rubuta, da sunanta a jiki, don kada kowa ya rataya taya a bishiya ya ce shi ma abin yake yi.

Shi wannan an gwada shi. A 2014 an wallafa wani bincike a Amurka ƙarƙashin Roseann Schaaf, yara 32 masu otizim (lalurar da ke shafar mu'amala da sadarwar yaro) 'yan shekara 4 zuwa 8, aka raba su biyu, waɗanda suka samu horon sau uku a mako har mako goma sun fi ɗaya rukunin cimma burin da aka sa musu tare da iyayensu, kuma taimakon da suke buƙata wajen kula da kai ya ragu. Yara 32 ba yawa ba ne, kuma ba wanda ya ce yana warkar da otizim, amma hujja ce da za a iya nunawa.

Af, tunda na ambaci otizim, na ga masu rubuta galahanga. Na san haka ake faɗa har a rediyo, ni dai bana sa ta a takardar iyaye, don a unguwa kalmar ta riga ta zama abin zagi kuma ana jibga mata yara masu lalurori daban daban. Wannan zaren daban ne, wata rana.

Hanya ta biyu ta Winnie Dunn ce, ita ma Ba'amurkiya, ta fito da nata tsarin a 1997 lokacin tana Jami'ar Kansas, takardar tambayoyinta da iyaye ke cikawa ta fito 1999. Ita tambaya biyu take yi. Ƙwaƙwalwar mutumin nan da saƙo kaɗan take farga ko sai da yawa? Sannan shi yana tashi ya yi wani abu a kai ko zama yake abin ya same shi? Daga nan ta fitar da salo huɗu, mai nema, mai gudu, mai saurin damuwa, da mai jinkirin farga wanda za ka kira sunansa sau uku kafin ya waigo. Abin da ya sa nake son Dunn shi ne ba ta ce cuta ba ce, ta ce kowa yana da nasa salon, ni da ku duka. Akwai dattijon da ba ya iya cin abinci in rediyo na kunne, akwai matar da in ba hayaniyar gidan biki ba ba ta jin daɗi, ba wanda ya kai su asibiti. A hanyarta ba yaron ake ƙoƙarin canjawa ba, wurin da aikin ake gyarawa: a ɗauke shi daga bencin da ke kusa da taga mai kallon titi, a yi masa aski da almakashi da sassafe kafin shago ya cika, a cire lebul ɗin wuyan riga, a gaya masa kafin a kunna bilenda. Wannan ita ce ta fi yi mana aiki a Kaduna gaskiya, don ba ta buƙatar ɗaki na musamman kuma masu wannan aikin a Arewa ba mu da yawa. Sensari furosesin sai mu ce "sarrafa saƙon jiki", na kowane mutum kuma "salonsa na sarrafa saƙo". Sarrafa ta fi tsara faɗi, ta ɗauki karɓa da tacewa da mayar da martani duka, kuma ba ta da warin ciwo a jikinta.

Wani ɗan'uwa da ya ce shi ɗalibin likitanci ne a Zariya ya tambaya, to SPD fa, wato sensari furosesin disoda, ba cuta ba ce? Likita wannan hanya ta uku ce, ta Lucy Jane Miller da abokan aikinta, a 2007 suka ba da shawarar a ɗauke ta a matsayin lalura mai zaman kanta, suka kasa ta uku: matsalar daidaita ƙarfin martani, matsalar bambance saƙo da saƙo, da matsalar motsi da ta samo asali daga saƙon. Amma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka a 2012 ta ce kada likitoci su riƙa ba da ita a matsayin sunan ciwo, a fara binciken otizim da ADHD (rashin natsuwa da kasa mai da hankali) da damuwa da sauransu tukuna, kuma kundin lalurorin ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka, DSM-5, da ya fito 2013 bai sa ta a matsayin lalura daban ba, sai dai ya sa yawan martani ko ƙarancinsa ga saƙon jiki cikin alamomin otizim. Tunda masu abin ma ba su gama yarda ba, bai kamata mu a Hausa mu riga su yanke hukunci mu ce "cutar" kaza ba. "Tangarɗar sarrafa saƙon jiki" ta ishe mu. Uwa in ta ji cuta magani za ta tambaya, allura ko kwaya ko rubutu, in ta ji tangarɗa ta san gyara ake yi a hankali.

Baba da ya rubuto cewa a zamaninsu bulala biyu ke gyara irin wannan, ranka ya daɗe na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, kuma akwai sangarta a duniya ba a musu. Amma yaron da ƙara ke yi wa ciwo in ka doke shi ka ƙara masa wani ciwon ne a kan na farko, zai iya yin shiru don tsoro, ƙarar ba ta daina damunsa ba.

Sai ta huɗu, wadda ita ce ta fi yawo a Instagram da TikTok kuma ita ta fi ɗaga min hankali. Burushin da ake goga wa yaro a hannu da baya da ƙafa, wanda Patricia Wilbarger ta kawo, da riga mai nauyi, bargo mai nauyi, ƙwallon zama, abin taunawa. Waɗannan dabaru ne guda guda da ake yi wa yaro, ba horon Ayres ba ne, kuma hujjarsu ta fi rauni. Bargo mai nauyi an gwada shi a Ingila a kan yara masu otizim, sakamakon ya fito 2014, bai ƙara musu tsawon barci ba duk da cewa iyaye da yaran sun ce sun fi son sa. A Kanada kuma a 2008 wani yaro ɗan shekara tara ya rasu bayan an naɗe shi a irin wannan bargo a makaranta. Ku haɗa wannan da zafin watan Maris da Afrilu a garin nan ba wuta ba fanka. Wata uwa ta zo min da rigar nauyi da ta saya a intanet da kuɗin adashinta, mai sayarwar ya ce mata ai wannan shi ne sensari intigireshin ɗin gaba ɗaya ba sai ta je wurin kowa ba, ta ciro ta daga leda tana nuna min aljihunan da aka cusa wa yashi, yaron kuwa ko taɓa ta ba ya yarda ya yi. Da a ce sunayen sun bambanta a kunnenta da ta yi tambaya kafin ta tura kuɗin. Waɗannan sai mu ce musu "dabarun daidaita jiki". Wata ta ce "kwantar da jiki", amma ba duka ne na kwantarwa ba, wasu na farkarwa ne ga mai jinkirin farga, daidaita ta ɗauki biyun.

Ita Wilbarger ɗin ce kuma ta kawo abin da suke kira sensari dayat, dan Allah kada wanda ya fassara mana shi da abinci, ba ruwansa da ci. Jadawali ne na ayyukan da ake warwatsa wa yaro cikin yini, "jadawalin daidaita jiki". Kuma ba sai an sayi komai ba, aikin ƙarfi da ke ba gaɓɓai saƙo yana nan a gidajenmu: ya ɗauki ƙaramar jarkar ruwa daga famfo zuwa randa, ya tura baro, ya taya daka, ya matse wanki, ya share tsakar gida. A gwada, a lura ko ya fi natsuwa bayan nan, in ba a ga canji ba a bari, kuma ba a tilasta wa yaro lilo ko juyi, in ya ce ya isa ya isa.

Masu tambayar sunan aikin namu kansa, a'a ba gashin ƙashi ba ne, wannan na 'yan fisiyo ne duk da hukuma ɗaya ce ke ba mu lasisi. Kuma ba koyar da sana'a ba ne. Ni "horon ayyukan yau da kullum" nake cewa, cin abinci, sa kaya, wanka, rubutu, wasa.

Akwai guda ɗaya da ta rage wadda ban samu ba har yanzu, furaksis. Ita ce iya tunanin wani sabon motsi, ka shirya shi daki daki, sannan ka aikata. Yaron da ke da tangarɗa a nan ƙarfinsa lafiya, ya kuma gane abin da aka ce ya yi, amma ka ba shi wando sai ya tsaya yana jujjuya shi bai san ta inda zai fara ba, 'yan'uwansa na langa ko 'yar gala-gala shi yana gefe, ba don ba ya so ba. An ce "dabarar motsi", an ce "shirin motsi", ta farkon tana min kama da ta 'yan ƙwallo, ta biyun kuma kamar ana shirin tafiya. Malam na Tudun Wada da Hajiya ta Rigasa da sauran malaman Hausa da ke nan, dan Allah ku duba mana wannan, ba za mu kai takardar wurin bugawa ba sai an samu.